Sunan da Ake Kira Wajen Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya sa kin fara aiki a sa'a, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a Abuja. Ni lafiyata lau, kuma ina shan maganina kamar yadda kika jera mini shi.

An binne Malam Bawa, maƙwabcinmu na gabas, jiya Talata bayan la'asar. Da hantsi aka same shi a ɗakinsa, zaune a kujera. Likitan da ya duba ya ce ya kai kwana huɗu da rasuwa, amma bai yarda ya faɗi rana takamaimai ba, saboda zafin da ake yi a Yelwa kwanakin nan. Yau da safe na auna: daga kujerar tasa zuwa gadona taku goma sha ɗaya ne, in an cire katanga.

Ban faɗa miki ta waya ba don na san ki. Da kin ji za ki ce za ki ajiye aiki ki dawo, tunda tafiyarki ta bar ni ni kaɗai a gidan nan kamar yadda Malam Bawa yake a nasa. Kada ki dawo. Ki karanta har ƙarshe tukuna.

Kin san rediyonsa mai aiki da hasken rana, wanda yake ajiyewa a kan taga. Ya rasu ya bar shi a kunne. Da yamma sai ƙarfinsa ya ƙare ya yi shiru, gari na wayewa rana ta haske tagar sai ya farfaɗo da kansa. Kwana huɗu ina jin sa ta bayan katanga: labaran safe, farashin albasa, gaisuwar masu saurare. Na ɗauka shi ke kashewa ya kwanta, shi ke kunnawa in ya tashi. Har a raina na yaba masa da kiyaye lokaci.

Wadda ta gane akwai matsala Bafulatanar nan ce mai kawo nono, wadda ban taɓa tambayar sunanta ba. Ta buga mini ƙofa ta ce, "Malam, maƙwabcinka hwa?"

Na ce, "Yana ciki. Ba ki jin rediyo?"

Ta ce, "Ina ji. Rediyo ba ya shan nono. Kwanon da na aje mashi na nan bisa dakali, ko buɗe shi ba a yi ba."

Shekara talatin da 'yan kai na yi a aikin jarida, ina hana sababbin ma'aikata buga labarin da ba su tabbatar ta hanya biyu ba. Sai ga shi na karɓi ƙarar akwati a matsayin shaidar cewa mutum yana da rai. Wannan kuskuren sabo ne, ko mako bai cika ba, kuma da shi zan fara. A inda kike, za ki ga fitila a tagar maƙwabciya, za ki ga saƙonki ya shiga wayar mutum, za ki ji janareta na ruri. Babu ɗaya a cikinsu da yake mutum. In kin kwana biyu ba ki ga fuskar wanda kika saba gani ba, ki je ki buga ƙofa. In ya fito ya ɓata rai, kin ci riba.

Sauran kurakuran tsofaffi ne, kuma duk daga wuri ɗaya suka fito, wato tungarmu da ke bakin tafki a ƙasar Ngaski. Sau biyu kawai na kai ki can, kina ƙarama, wannan ma laifina ne. Don haka zan bayyana miki ita kamar ba ki taɓa zuwa ba.

Ba a wurin aka haife ni ba. A kan gungu aka haife ni, tsakiyar kogi, kafin a datse ruwa a Kainji. Ina da wayo lokacin da aka kwashe mu aka zuba a gaɓa, ruwa ya hau ya rufe gidajenmu da gonakinmu da maƙabartarmu. Har yanzu in ruwa ya ja baya ana ganin kawunan busassun itatuwa tsaye a tsakiyar tafki. Masunta na kewaye su don kada su yaga taru. Ƙarƙashin itatuwan nan kakanninki suke.

Mutanen tungar sun taso daga gungu da wata al'ada da suke kira kiran kwana. Bayan sallar asuba, da gari ya fara haske, mace guda daga cikin manya takan bi gida gida da sandarta, ta tsaya a kowace ƙofa ta kira sunan kowane baligi. Wanda aka kira ya ce, "Na kwana." Ba a amsa wa wani, ko miji ba ya amsa wa matarsa. In ta kira sau uku babu amsa, sai ta ɗaga asabari ta shiga, ba sallama ta huɗu. Wadda ke wannan aikin sama da shekara talatin ita ce Gwaggo Ige, yayar mahaifina. In ta gama da gidaje sai ta gangara kwata, ta fuskanci ruwa, ta kira sunayen waɗanda suka riga mu, na gungu da na gaɓa, ta yi musu addu'a. Liman bai taɓa hana ta ba, ya ce addu'a ce. Abin da na lura da shi kawai shi ne, bayan kowane suna takan ɗan dakata, daidai tsawon lokacin da mutum zai ce ya kwana.

Ina saurayin ɗan jarida edita ya ji ana cewa tsofaffin bakin tafki ba sa mutuwa da wuri, ya tura ni tunda ɗan gida ne. Na je da littafi da na'urar ɗaukar magana. Babu mai takardar haihuwa, don haka na riƙa ƙiyasta shekarun mutum da tambayar 'ya'ya nawa yake da su lokacin da ruwa ya zo. Na sami tsofaffi da yawa, fiye da abin da na saba gani a unguwa mai girman wannan a birni, suna tafiya da ƙafarsu, da hankalinsu. Ban da alƙaluman da zan kafa hujja da su, abin da idona ya gani ne.

Na zauna gaban Gwaggo tana juya kifi a kan banda, na ce ta gaya mini sirrin.

Ta ce, "Wane sirri?"

Na ce, "Akwai abin da kuke ci ko kuke sha. Wata saiwa, ko wani ganye."

Ta ce, "Ɗan boko, tuwon da Innarka ta ba ka jiya shi mun ka ci. In da sirri cikinai, kai ma ka haɗiye shi. Matsa ka ba ni wuri, ka tsare min iska."

Ban yarda ba. Na bi wani tsoho na matsa masa har ya nuna mini wani itace mai ɗaci da yake jiƙawa in cikinsa ya ɓaci. Na koma na rubuta cewa sirrin tsawon ran mutanen tafki kifi ne da wannan ɗacin. Aka buga, aka yaba mini. Labarin ƙarya ne, ko da yake babu jimla ɗaya a ciki da na ƙirƙira. Na nemi abin da za a iya ƙullawa a leda a kai birni, na bar abin da ke gabana.

Abin da ke gabana shi ne, a mako gudan da na yi ban ga tsoho ko ɗaya zaune hannu sake ba. Wanda ƙarfinsa bai kai tuƙa kwalekwale ba yana ɗinkin taru a inuwa tare da sa'o'insa, suna zagin juna. Wanda idonsa ya yi rauni yana murza igiya. Tsofaffin mata na tafiya fadama da ƙafa su tsinko rama da zogale, su dawo da itace a ka. Tuwon dawa ne ko na maiwa, miyar kuka da daddawa, kifin da aka kamo ranar, sai kunu da safe. Ana cin na dare kafin magariba ta yi nisa, ana kwanciya bayan lisha. Kuma babu mai ci shi kaɗai. Kwano ɗaya ne, hannu biyar ko shida, shi ya sa ranar da mutum ya rage loma, ranar ake sani. Ko gaba ba ta daɗewa, don duk wanda ka yi fushi da shi zai ji an kira ka gobe, zai ji muryar da ka amsa da ita.

Ba aljanna ba ce, kada ki ɗauka tsufa ya sa na fara ƙawata baya. Zazzaɓi na kwashe yara, tsargiya na damun masu shiga ruwa, hayaƙin banda na cin ƙirjin mata, jirgi kan kife da mutane ranar kasuwa, mai naƙuda kan rasu a hanyar asibiti. Waɗannan aikinku ne ku ma'aikatan lafiya, kuma ina alfahari da ke a kansa. Abin da nake faɗi shi ne, wanda ya tsallake waɗannan a tungar yakan daɗe, kuma yakan daɗe a tsaye.

Ke kin fi ni sanin gishiri da sukari da mai, ba zan koya miki karatunki ba. Amma na san aikin ɗakin gwaje-gwaje zama ne, kuma na san yadda mai zaman kansa yake ci: a tsaye, daga leda, ido a kan waya. Ki nemi wadda za ki riƙa cin abinci da ita ko sau ɗaya a rana, kwano ɗaya in ta yarda. Ki dafa da hannunki. Inda ƙafa za ta iya kai ki, ki bar mai babur ya wuce.

A wannan zuwan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne arha a lokacin. Na saba da kwanan birni, in koma barci bayan asuba. Kwana uku Gwaggo na tsayawa a ƙofata tana cewa, "Manu." A rana ta huɗu na fito da jajayen idanu na ce, "Gwaggo, don Allah ki riƙa tsallake ni. Ni ba yaro ba ne, ba kuma majinyaci ba. In na mutu za a ji."

Ta dube ni ta ce, "Wa za ya ji?"

Na ce, "Kowa ma."

Ta ce, "To. Kai ka ce." Ta wuce ƙofa ta gaba.

Washegari na ji sandarta ta zo, ta wuce, ba ta tsaya ba. Na ji daɗi, na gyara kwanciya.

Na tuna da wannan ranar da kika kira ni kina murna an ba ki ɗaki ke kaɗai, da makullinki, kika ce babu mai damun ki. Muryata na ji a bakinki. Ki yanka makulli na biyu ki ba wata a gidan, wadda za ta iya shigowa ba da izininki ba. Za ta dame ki, za ta shigo ranar da ba ki son ganin kowa, za ta tambaye ki abin da bai shafe ta ba. Ki haƙura da ita. Ke ma ki zaɓi ƙofa ɗaya ki riƙa bugawa kowace safiya kafin ki fita, ko da mai ɗakin ba ta roƙe ki ba.

Yanzu sai maganar Inna, wadda kike ɗauke da sunanta. Kina da shekara uku lokacin, ba za ki tuna da yawa ba.

Da na gina gidan nan na Yelwa, na ga bai dace uwata ta ci gaba da shan hayaƙin banda ba alhali ina da hali. Na je da mota na ɗauko ta. Ba ta so ba, na haɗa ta da 'yan'uwa suka lallashe ta. Na ba ta ɗakin da kike kwana a ciki daga baya, da fanka da talabijin. Na hana ta taɓa tsintsiya. In ta ɗauki turmi mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, ta karɓe, don na ce abin kunya ne a ga Inna na aiki a gidana. Ana kai mata abinci ɗaki a faranti, farar shinkafa da nama, shayi da madara da burodi. Da niyyar alheri na yi duk wannan, kuma har mutane na nuna ni ana cewa ga ɗa na gari.

Wata safiya na dawo daga masallaci na bi ta ƙofarta, sai na ji ta ce, "Na kwana." Na tsaya. Babu kowa a tsakar gida. Na leƙa ta labule, na gan ta zaune a kan darduma ta fuskanci ƙofa, hannunta a kan gwiwa. Washegari na sake tsayawa, na duba agogo. Lokaci ɗaya ne, daidai sa'ar da Gwaggo kan iso layinmu a tunga. Haka ta riƙa yi kullum. Na ce a raina tsufa ne.

Abin da ya kamata in yi bai fi kalma ɗaya ba: in tsaya a ƙofar in ce, "Inna." Ban yi ba. Nakan bari sai na yi wanka na sha shayi, sannan in shiga in durƙusa in gaishe ta yadda ya dace, in fita aiki. Tsakanin wannan gaisuwar da ta dare, ba na jin tana yin magana da kowa in ban da ke.

Bayan shekara guda da 'yan makonni ta daina. Na tambaye ta, cikin wasa, ko yau ba ta kwana ba.

Ta ce, "An bar kira."

Na ce, "Inna, ai dama babu mai kira a nan."

Ta ce, "Ba nan ba." Ta juya ta ci gaba da jan carbi.

A al'adar tunga, wanda ya yi tafiya ana ci gaba da kiran sa a ƙofarsa damina ɗaya da rani ɗaya. In bai dawo ba sai a daina. Daga baya na bincika ko makon da Inna ta yi shiru shi ne makon da Gwaggo ta daina tsayawa a ƙofarta. Mutum ɗaya ya ce makon ne, wani ya ce an yi wata guda tsakani, Gwaggo ta ce ita ba ta ƙirga kwanaki. Inna kuma ta san al'adar, tana iya lissafa wa kanta. Ban tabbatar da komai ba, kuma ba zan ƙara a kan haka ba.

Ƙafafunta suka kumbura, ta yi nauyi, ta fara mantuwa. Likita ya ce hawan jini ne da ciwon sukari da shekaru. Ba ta cika shekara uku a gidan nan ba. Ajali na Allah ne, kuma ba ni da ilimin da zan ce da na bar ta a tunga da ta kai yau. Abin da zan iya faɗi shi ne, Gwaggo ta girme ta da shekaru, kuma har yanzu kowace safiya tana zaga gidaje da sandarta.

In Allah Ya ba ki hali, kuma tsoho ya zo hannunki, ko ni ne, kada ki ƙwace masa aikinsa da sunan hutu. Ki bar shi ya share, ya ɓare gyaɗa, ya yi rigima da maƙwabta. Kada ki kai masa abinci ɗaki muddin yana iya fitowa.

Bayan rasuwar Inna na je tunga karɓar gaisuwa, na kwana a tsohon ɗakinta. Da asuba na ji sanda ta taho. Ta tsaya a ƙofar da ke gabanmu, aka amsa. Ta wuce tawa. Ta tsaya a ta gaba, aka amsa. Na tashi na bi ta daga nesa har kwata.

Ruwa ya ja baya sosai a shekarar. Tururi na tashi a kansa, kawunan itatuwan gungu sun fito baƙaƙe, babu iska, babu ko jirgi ɗaya da ya motsa. Gwaggo ta dogara sanda ta fara kira. Na ji sunan kakana, ta dakata. Na ji na mahaifina, ta dakata. Ta kira na Inna, ta dakata. Sannan ta ce, "Manu."

Ina tsaye bayanta, bai fi taku biyar ba. Ta dakata mini daidai yadda ta dakata musu. Na buɗe baki, amma ban san ko ana amsawa daga nan ba. Kafin in yanke shawara ta wuce suna na gaba.

Da ta shafa addu'a na ce, "Gwaggo, ga ni fa. Da raina."

Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta ce, "Na gane ka."

Na ce, "To me ya sa kike sa ni cikin matattu?"

Ta ce, "Wuri biyu gare ni, ɗana. Masu amsawa da waɗanda ba su amsawa. Kai ka zaɓi naka. Da in yar da kai ɗungum, gara in sa ka inda ka samu addu'a."

Na ce, "To gobe ki tsaya a ƙofata."

Ta ce, "Yaushe za ka koma Yelwa?"

Na ce, "Jibi."

Ta ce, "Baƙo ba a kiran shi. Gaishe shi a kai." Ta gaishe ni kuwa, da kyau, ta tambayi iyali, ta hau gaɓa.

Ya kamata wannan ya girgiza ni. Abin da na yi shi ne, na dawo gida na ba abokan aiki labari muka yi dariya. A shekarar ce ma na ƙara wa katangarmu layi huɗu na bulo, na sa ƙofar ƙarfe, saboda awakin Malam Bawa na shigowa suna cin shukata. Kafin nan mukan gaisa ta saman katanga, yakan miƙo mini jarida in miƙa masa lemo. Bayan nan sai a masallaci, da gwiwa ta hana shi zuwa masallaci kuma sai dai in ji ƙarar rediyonsa. Na ci gaba da zama a kujera daga safe zuwa dare, shayi mai sukari cokali huɗu, goro, taba har sai da ƙirji ya hana ni. Abokaina na aiki da muka yi wannan rayuwar tare, yawancinsu na halarci jana'izarsu, kuma babu wanda ya kai shekarun masu ɗinkin tarun da na raina.

Abin da ya ɓoye mini halin da nake ciki ke ce. Tun rasuwar mahaifiyarki, kowace safiya kina tsayawa a ƙofata ki ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ban taɓa lissafa shi a matsayin komai ba. Yau kwana goma sha biyu babu wanda ya tsaya a ƙofar. Kina kira ta waya, Allah Ya yi miki albarka, amma in ban ɗauka ba za ki ce ina masallaci, ko caji ya ƙare, ko layi ne. Za ki yi mini uzuri kwana ɗaya, wataƙila biyu. Waya ba ta ɗaga asabari.

Don haka ga abin da na yanke. Ba zan karɓi aikinki in biya kuskurena da shi ba. Zan koma tunga da zama. Ɗakin Inna na nan, rufin ne kawai ke son gyara. Idona na iya ɗinkin taru in an koya mini, kuma akwai ƙaramin asibiti a Wara inda zan riƙa auna jini duk ranar kasuwa. Gidan nan zan sa ɗan kawunki da iyalinsa a ciki, da sharaɗin su sauke layi huɗun nan.

Amma komawar ba a hannuna kaɗai take ba. Ban taɓa jin an ɗauko suna daga wajen ruwa an maido shi cikin gidaje ba. Na tambayi Ɗanjuma, mai jirgin da ke kawo mana kifi, ya ce shi ma bai taɓa ji ba, don waɗanda ke can ba su saba dawowa ba. In Gwaggo ta ƙi, zan zauna a tungar a matsayin baƙo, a gaishe ni da rana, a wuce ƙofata da asuba, wato na canza ɗaki ne kawai. Tun makon da kika tafi, kafin ma abin Malam Bawa, na aika mata ta bakin Ɗanjuma cewa ina neman afuwa, kuma ina son a tsaya a ƙofata. Ya ce ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko har yanzu ina barcin safe, ba ta ƙara komai ba.

Uwata, Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum. Ya ba ki maƙwabta masu damun ki. Ya sa ki tsufa a tsaye, cikin mutane, da aikin yi a hannunki. Ya jiƙan Malam Bawa da Inna da mahaifiyarki da duk waɗanda ke ƙarƙashin ruwa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki gaida wadda za ki ba makulli, ki ce mata mahaifinki na godiya tun kafin ya san ta.

Ɗazu Ɗanjuma ya zo da kifi. Ya ce ranar Litinin Gwaggo ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna, wanda babu kowa a ciki, ta kira suna sau ɗaya, ta dakata, ta wuce. Ba shi ya gani ba, matarsa ce, tana daka daga nesa, kuma ba ta ji sunan da aka kira ba. Zan bi jirginsa ranar Asabar in kwana a ɗakin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Manu